Fure a Kusa da Hasken Rana Kaɗai: Me Ke Hana Hoton Fita?

Duk mai waya da kyamara a jikinta ya taɓa gwada wannan. Ka ga fure ya ba ka sha'awa, ka matso da wayar har ta kusa taɓa shi, ka danna. In ka duba sai ka tarar ko dai hoton ya yi dishi-dishi, ko ciyawar da ke baya ta fito tar shi kuwa furen ya narke, ko kuma jan launin ya dunƙule ya zama tabo guda, babu jijiya babu zane. Nan take sai a ɗora wa wayar laifi. Wani lokaci laifin nata ne. Amma mai kyamarar miliyoyin naira ma yakan koma gida da irin wannan hoto, domin matsalar ba ta aljihu ba ce. Da zarar ka matso kusa da ƙaramin abu, lissafin haske da na gilashi sai ya canza. Wanda kuma ya ce da hasken rana kaɗai zai yi aiki, ba filasha ba fitila, to ya yarda zai bi abin da ba shi ke juya shi ba.

Masu sana'ar suna kiran wannan fanni makro, kuma suna da ma'auni. In abu mai tsawon santimita 1 ya faɗa kan sensar kyamara, wato ɓangaren da ke karɓar haske a cikinta, da tsawon santimita 1 cif, an kai girman 1:1. A babbar kyamara mai sensar milimita 36 da 24, wannan na nufin abin da bai kai santimita 4 ba shi zai cika hoton daga gefe zuwa gefe. Mai ɗaukar fure don sha'awa ba kullum yake bukatar kaiwa can ba. Furen kuɓewa yana kai santimita 4 zuwa 8 a faɗi, rabin girman 1:1 ko rubu'insa ya wadatar. Sai in zuciyar furen yake so, inda bununi yake, sannan zai shiga makro na sosai.

To a nan ne wahalar farko take. Kowane lensi yana da wani yanki, daga gaba zuwa baya, wanda abin da ke cikinsa ke fitowa tar. In kana ɗaukar mutum daga nesa, yankin na iya kai mita ko fiye, hanci da kunne duk su fito. Kana matsowa yana tsukewa. A girman 1:1, da ƙofar haske a f/8, abin da zai fito tar bai wuce milimita 1 ba. A f/5.6 bai kai kaurin katin banki ba. Fure kuwa ba takarda ba ne. Yana da baki, yana da rami, yana da zaren da ke leƙowa waje. Saboda haka babu zancen "furen ya fito tar" gaba ɗaya. Tilas mai ɗauka ya zaɓi wane wuri ne zai fito, ya bar sauran ya narke. Yawancin hotunan da suka lalace ba a yi wannan zaɓi ba, an bar wa kyamara, ita kuwa ta kama gefen fure mafi kusa da ita ko ganyen baya mai yawan zane.

Maganin da ke fara zuwa a rai shi ne a tsuke ƙofar haske, tunda tsuke ta na faɗaɗa yankin. Gaskiya ne, a f/16 za ka samu kusan milimita 2. Amma bari mu yi lissafin abin da za ka biya. Tsohuwar ƙa'idar masu hoto ta ce a rana ƙwal, da ISO 100 (ma'aunin yadda kyamara ke ƙarfafa hasken da ta karɓa) da f/16, kashi 1 cikin 100 na daƙiƙa ya isa. In gajimare ya rufe rana, haske na iya raguwa da mataki uku, kowane mataki kuwa rabi ne, sai ka dawo wajen 1/12. Sannan shi kansa matsowa zuwa 1:1 yana cin wasu matakai biyu, domin lensin ya yi nisa da sensa kuma hasken ya bazu. Ka sauko ke nan zuwa sulusin daƙiƙa. Babu hannun da zai tsaya cak na wannan tsawon lokaci, kuma ko ka ɗora kyamara a kan mai ƙafa uku, furen ba ya kan komai sai siririn kara. Don ka koma 1/200, inda motsi ke daskarewa, sai ka ɗaga ISO zuwa 800, wanda ke rage tsabtar hoto, kuma ka sake buɗe ƙofar zuwa f/5.6, wato ka rasa zurfin da ka nema tun farko. Duk gardamar wannan fanni a cikin wannan lissafi take: zurfi, sauri da tsabtar hoto duk daga haske ɗaya ake biyan su, kuma bai isa a biya ukun ba.

Shi ya sa iska ta fi kowace matsala ɓata rai. Iskar da ko rigarka ba ta kaɗa ba tana iya kai fure gaba da baya da santimita guda, ninki goma na yankin da kake da shi. Akwai dabaru: ka kafa kara kusa ka ɗaure furen a ƙasa da inda hoto ya tsaya, ka tsaya da jikinka ta ɓangaren da iska ke fitowa, ka ɗauki hotuna a jere ka zaɓi ɗaya. Amma babbar dabarar ita ce sammako. Kafin rana ta gasa ƙasa iska takan kwanta, da hantsi ya ɗaga sai ta tashi.

Zancen haske kuwa ba yawansa kaɗai ba ne. Mutane da dama suna zaton rana tsaka ce ta fi, tunda komai ya fito fili. Ita ce mafi muni. Rana, duk girmanta, a sararin sama faɗinta kusan rabin digiri ne, kuma haske in ya fito daga ƙaramin wuri inuwarsa kaifi gare ta. Kowane zaren fure sai ya jefa baƙin layi a kan na kusa da shi, fatar furen ta yi ƙyalli, wurin da rana ta doka ya ƙone fari fat, ramin tsakiya ya yi baƙi ƙirin. Ido yana iya ganin duka biyun a lokaci guda, sensa ba ta iyawa. In rana ta yi lumshi kuwa, sararin sama gaba ɗaya ya zama fitila, inuwa ta yi laushi, launi ya fito da nauyinsa. Ranar da mai ɗaukar biki ke ƙorafin gari babu haske, ita ce ranar mai ɗaukar fure.

In babu gajimare, ana iya ƙirƙirarsa. Farin mayafi mara kauri ko farar lema, a riƙe tsakanin rana da fure, ya gama aikin, kuma gwargwadon kusancinsa da furen gwargwadon laushin hasken. Farar takarda a ɗaya gefen tana mayar da haske cikin ramin. A guji kyalle mai launi da bangon da aka yi wa fenti, don launinsu zai hau kan furen. Ni dai a ganina mafi kyawun haske ba ma wannan ba ne, shi ne na baya: ka zagaya ka sa furen tsakaninka da rana lokacin da take ƙasa. Fatar fure sirara ce, haske na ratsa ta, jijiyoyi su bayyana, gashin jikin kara ya ɗauki zare-zaren haske. Abin lura kawai shi ne kada rana ta doki gilashin kai tsaye, sai ka kare shi da tafin hannu.

Littattafan hoto da aka rubuta a Turai da Amurka suna yawan yabon sa'ar farko bayan fitowar rana da ta ƙarshe kafin faɗuwarta. A can abin ya yi daidai, domin a Ingila ko Jamus rana takan tashi a karkace, ta daɗe tana bin gefen sama. Kano tana kusan digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, Zinder da Maraɗi ba su kai 14 ba. A nan rana miƙewa take yi kusan tsaye, tana hawa kimanin digiri 15 a kowace sa'a. Wannan jan haske mai laushi ba ya cika rabin sa'a. Wanda ya tsaya shan shayi ya fito ƙarfe takwas, ya tarar an tashi kasuwa. Hunturu yana ɗan sassauta wannan, domin hazo, wanda yawancinsa ƙurar kwarin Bodele ce ta ƙasar Chadi, yakan tace rana har a iya kallonta da ido. Sai dai yana zuwa da iska, yana shafa wa furanni toka-toka, kuma duk wanda ya cire lensi a fili a watan Janairu zai daɗe yana ganin ɗigo-ɗigo a hotunansa. Damina ta fi, musamman safiyar da aka kwana ana ruwa.

Duk wannan ana koyonsa cikin 'yan makonni. Abin da ya fi raba mai hoto mai kyau da mara kyau, a nawa ganin, ba ya cikin kyamara ko kaɗan. Shi ne sanin agogon furen. Yawancin furannin da ke kewaye da mu ba sa jira. Furen kuɓewa, ruwan ƙwai mai haske da jar zuciya, bayan fitowar rana yake buɗewa, kafin la'asar ya naɗe, kuma ba zai sake buɗewa ba. Na kabewa ya fi shi gaggawa, tun da asuba yake buɗe baki, kafin azahar ya yi laushi. In ka duba ƙasansa za ka gane namiji da mace, domin macen ce ke ɗauke da 'yar gunda. Furen gyaɗa ɗan ƙarami ne, a ɓoye kusa da ƙasa, shi ma na safiya ne. Auduga kuwa tana ba da hoto biyu a jiki ɗaya: furen yau fari ne mai ratsin rawaya, na jiya ya koma ruwan hoda zuwa ja, sai ka samu dukansu a reshe guda. Farin bado da dare yake buɗewa ya rufe da hantsi, don haka wanda ya je bakin tafki da yamma a dunƙule kawai zai tarar da shi. Kuka ita ce mafi wuyar sha'ani ga mai dogaro da rana. Furenta da magariba yake buɗewa, domin jemagu ne ke ɗaukar masa bununi, kuma washegari ya fara yin ƙasa-ƙasa. Ko dai ka kama shi a ɗan hasken da ya rage bayan faɗuwar rana, ko da sassafe kafin ya sauya.

Akwai kuma agogon shekara. Gurjiya da rani take fure, bayan ta zubar da ganye, jajaye a kan busassun rassa. Ɗorawa ma kafin ruwa ya sauka take rataye jajayen tuntunta. Tumfafiya, wadda ba wanda ke kallonta sau biyu a bakin hanya, tana daɗewa da fure, kuma in ka matso za ka ga taurari masu kusurwa biyar, fari da shuni, da wani ɗan kambi a tsakiya. Tana da sauƙin ɗauka domin furenta na da kauri, iska ba ta cika wasa da shi ba. A dai kiyaye farin ruwanta, yana da haɗari ga ido, kuma hannun da ya karya ganyenta kada ya kusanci fuska. Ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, yana daga cikin furanni mafi kyau a gonar dawa da gero, alhali shi ne ke tsotse su ta saiwa. Manomi ba zai gode maka ba in ya ga kana yaba shi, amma shi ne zai gaya maka wace gona yake da kuma wane mako zai fito. Yaron da ya tashi a gona ya riga ɗan birni mai tsadar kyamara da rabin wannan ilimi, ko da bai taɓa jin kalmar ISO ba.

Tarihin fannin ma ya nuna haka. Karl Blossfeldt, Bajamushe da ya rayu daga 1865 zuwa 1932, ba a matsayin mai hoto ya yi karatu ba. Malamin sassaƙa ne a Berlin, kuma don ya nuna wa ɗalibansa siffofin tsirrai ya haɗa kyamara da hannunsa, wadda ke iya ninka girman abu har sau 30. Da hasken rana ya yi aiki, a gaban fili mara ado, kuma yawancin abin da ya ɗauka ciyayin bakin hanya ne. Littafinsa na 1928 mai hotuna 120 shi ya sa duniya ta san shi yana da shekara sittin da 'yan kai. A Amurka, Imogen Cunningham ta juya ga tsirran lambun gidanta ne a shekarun 1920, lokacin da rainon 'ya'ya maza uku ya tsare ta a gida, kuma daga nan hotonta na furen magnoliya na 1925 ya fito. Dukansu biyu abin da ke kusa da su suka daɗe suna kallo.

Wannan ba ya nufin kayan aiki ba su da tasiri. Waya tana da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba: sensarta ƙarama ce, lensinta gajere, saboda haka a hoto iri ɗaya tana ba da zurfi fiye da babbar kyamara. Amma ƙofar haskenta a mafi yawan wayoyi ba ta canzawa, kuma tana da iyakar kusanci, wadda in ka wuce ta ba za ta iya saiti ba ko ka danna sau ɗari. Wayoyi da yawa masu sauƙin kuɗi suna zuwa da wata 'yar kyamara ta musamman da aka rubuta wa makro, mai megafiksel 2, saitinta a kafe wajen santimita 4. Ba na ba da shawarar a dogara da ita. Sau da yawa gara ka ja baya da babbar kyamarar wayar zuwa inda take iya saiti, ka ɗauka, ka yanke gefe daga baya. Manyan wayoyi, kamar iPhone 13 Pro da ta fito a 2021, suna amfani da lensi mai faɗi su matso har santimita 2. Hoton na fitowa tar, sai dai a wannan kusanci wayar da kanta takan yi wa furen inuwa, kuma lensi mai faɗi yana kwaso duk tarkacen da ke baya. Tsarin nan da ke narkar da bayan hoto da lissafin kwamfuta kuwa, wanda aka yi don fuskar mutum, yakan ɗauki zaren fure a matsayin baya ya goge shi. A kashe shi. Ga mai babbar kyamara, kafin ya sayi lensin makro, akwai zoben da ake sawa tsakanin kyamara da lensi, babu gilashi a cikinsa, nisa kawai yake ƙarawa, kuma yana yin aikin da kuɗi kaɗan.

Dabarar saiti ɗaya ce a waya da kyamara. Ka kulle saitin a nisan da kake so, sannan ka riƙa matsar da jikinka gaba da baya a hankali har wurin da ka zaɓa ya fito, ka danna. Gwiwar hannu a jikin ƙirji ko a ƙasa. In kana son furen ya fito da yawa, ka daidaita bayan wayar da fuskar furen su yi layi ɗaya. In ka karkata, siririn yanki ne kawai zai ratsa shi.

Launi yana da nasa tarko. Kyamara tana auna haske ne a kan zaton cewa duniya toka-toka ce tsaka-tsaki. In farin fure ya cika hoto sai ta duhunta shi ya zama toka, in kuma ƙarami ne a gaban duhun ganye sai ta haskaka har ya ƙone. Ja da rawaya sun fi yaudara, domin sashen sensa mai karɓar ja yana cika ya tumbatsa alhali hoton a dunƙule bai nuna ya yi haske da yawa ba. Wannan ne asalin tabon nan mara jijiya. Ka rage haske da sulusin mataki zuwa mataki ɗaya, a waya kuwa ka ja alamar rana ƙasa kaɗan. Duhu ana iya ɗaga shi daga baya, abin da ya ƙone ya tafi. A inuwar bishiya kuma farin fure yakan ɗauki shuɗi daga sama ko kore daga ganye, sai an gyara ma'aunin fari.

Bayan hoto shi ne rabin hoto, kuma gyaransa ba ya cin ko sisi. Taku ɗaya zuwa hagu ko durƙusawa yana iya musanya leda da bulo da inuwa mai duhu ko koren gona mai nisa. Iyakar nisan baya daga furen, iyakar narkewarsa.

Sauran abin da masu wannan sha'awa ke gardama a kai shi ne iyakar gyara. Wasu na fesa ruwa don ya yi kamar raɓa. Ba laifi ba ne, amma ana ganewa, domin raɓa ƙanana ce kuma takan jeru a gefen ganye da kan gashi, ruwan feshi kuwa manya da ƙanana ne barkatai. Wasu na tsinke furen su kai ɗaki kusa da taga, inda babu iska kuma hasken na da laushi. Blossfeldt ma yankakkun tsirrai ya ɗauka, don haka ba zan ce haramun ba ne. Amma furen kuɓewa ko na kabewa a gonar wani abinci ne da bai nuna ba, a nemi izini. Kuma furannin kwana ɗaya suna yin laushi cikin mintuna in an raba su da uwa. Akwai kuma masu ɗaukar hotuna goma ko hamsin, kowanne da saiti a wani wuri, su haɗa su a kwamfuta ya zama hoto ɗaya mai zurfi daga gaba har baya. Wannan hanya ce ta kauce wa lissafin da muka yi a sama, kuma ban ga ha'inci a cikinta ba, tunda abin da ke jikin furen ne take nunawa. Sai dai tana bukatar fure ya tsaya cak da hasken da ba ya canzawa, abubuwa biyu da fili ba ya cika bayarwa. Abin da nake ƙi shi ne ƙara wa launi ƙarfi har furen yakuwa ya koma launin da Allah bai halicce shi da shi ba. Wayoyi tuni suna ƙara nasu kafin ka taɓa komai. In ka ƙara a kai, jijiyoyin da ka yi sammako dominsu su ne farkon ɓacewa.

Abu na ƙarshe ya shafi wanda ke son hotonsa ya yi amfani bayan sha'awa, ko don tambayar malamin gona, ko don ɗora shi a manhaja irin iNaturalist inda masana ke taimakawa wajen gano sunan tsiro. Hoton kusa shi kaɗai ba ya wadatarwa. Kuɓewa, rama, yakuwa da auduga duk dangi ɗaya ne, kuma in zuciyar furen kawai ka nuna, ko masani zai yi jim kafin ya raba su. Bayan ka gama da zuciyar, ka ja baya ka ɗauki ganye, ka ɗauki bayan furen inda ya haɗu da kara, ka ɗauki tsiron gaba ɗaya, sannan ka rubuta gari da kwanan wata da ƙarfe nawa ne. In za ka tura ta WhatsApp, ka tura shi a matsayin fayil, domin turawar da aka saba tana matse hoto, kuma gashin kara da ƙwayoyin bununi ne ke fara tafiya.